Ma'aikatan laburare na Zariya, yaya kuka koyi aikin intanet da shafukan sada zumunta?

Uwar Katalog, Samaru

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ɗora mini shirya wa ƙananan ma'aikatan sashenmu ɗan horo bayan Sallah, kuma ba na son ya zama irin bitar da muka saba zuwa. Kun dai san ta. A tara mu a zaure, a kunna majigi, wani ya yi ta wuce hotuna yana zuba Turanci, mutum shida a kan kwamfuta ɗaya, sabis ɗin intanet ya ƙi, a raba jaka da takardar shaida da kuɗin mota, a watse. Ranar Litinin ka koma teburinka ka tarar ko hanyar shiga ba ka riƙe ba.

Don haka ina roƙon kowa ya faɗi yadda hannunsa ya faɗa da gaske. Wa ya koya maka, a kan wane aiki, me ya ɗore, me ya mutu a hanya? Har da 'yan'uwanmu na sakandare da ƙananan ɗakunan karatu, kada a bar mu mu na manyan makarantu mu cinye zancen.

Baba na Tudun Wada

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni da tafireta na fara, ina buga katin katalog mai inci 3 da 5, a huda shi a ƙasa a zura a sandar durowa. Littafi guda sai ka buga masa katin marubuci, da na suna, da na fanni. Da aka kawo Koha, manhajar nan ta kyauta ta tafiyar da aikin laburare da aka fara a ƙasar Niyuzilan, gaskiya gabana ya faɗi, na ɗauka ƙarshen amfanina ke nan.

Wata yarinya 'yar bautar ƙasa ce ta warware mini. Yatsunta kamar walƙiya a kan kwamfuta, amma ka ba ta littafi ka ce ta fitar masa da lambar da za a jera shi da ita a kan kantar littattafai, sai ta tsaya tana jujjuya shi. Sai muka yi ciniki. Bayan azahar, idan masu karatu sun ragu, ta ja kujera kusa da ni, ni ke riƙe da linzamin kwamfutar, wato mouse, ita kuwa hannunta a cinya. Wannan sharaɗin ni na kafa shi, domin duk wanda ya karɓi linzami ya ce "bari in nuna maka", ya gama hana ka koyo. A nan na gane abin da nake bugawa a kati shi ne dai aka rarraba gida-gida: gida na 100 sunan marubuci, 245 sunan littafi, 650 fanni. Ba sabon ilimi ba ne, wurin ajiyarsa ne ya sauya.

Abin da na ba ta kuma bai fi ƙarfin a ambata ba. Na tarar an shigar da marubuci guda sau uku, wani a ƙarƙashin Alhaji, wani a ƙarƙashin Malam, wani da sunan garinsu, domin mutanenmu da yawa sunan gari ne a ƙarshen sunansu, irin su Sa'adu Zungur da Aminu Kano. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa: wani ya shigar da ƙ da ɗ, ɗalibi ya zo ya nema da k da d, a ce masa babu, alhali littafin na kan kanta yana shan ƙura. Dole sashe ya zauna ya tsayar da hanya guda, a rubuta a manna a bango. Hajiya, ki sa wannan a horonki tun kafin a kai ga Facebook.

'Yar Kofar Doka

Allah ya ƙara girma Baba, da tsohuwar zuma ake magani. Ni aka bar wa shafinmu na Facebook saboda kawai ni ce ƙarama a ofis, wai ai yara sun san waya. Sanin waya daban, riƙe shafin ma'aikata daban. Da farko abin da ake ba ni in ɗora hotunan manya ne, an kawo ziyara, an yanka kyalle, an tsaya a bakin ƙofa. Babu mai ko danna alamar so sai mu kanmu.

Ranar da na ɗora sanarwar cewa lokacin jarrabawa za a ƙara awannin buɗewa, sannan na bi da hoton bangon sababbin littattafai biyar da lambar kantarsu a ƙasa, sai ga tambayoyi kamar ruwa. Ana buɗewa Asabar? Katina ya ɓace, yaya zan yi? Akwai soket na caji a sama? To ashe abin da ɗalibi ke so ke nan. Yanzu ƙa'idata, in saƙo ba zai sa wani ya taso ya zo ko ya fasa zuwan banza ba, ba na ɗora shi, sai in daga sama aka matsa.

Amma ga abin da ya fi ci mini rai. Shafin farko da aka buɗe, da lambar wayar wani ma'aikaci aka buɗe shi, shi kaɗai ne admin. Aka yi masa canjin wurin aiki, layin kuma ya ɓata, shi ke nan. Shafin na nan har yau da tsohon lokacin buɗewa, mutane na gani suna zuwa suna yi mana faɗa. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Ku buɗe da imel na ofis, ku sa admin aƙalla biyu, ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kalmar sirri kuma a rufe ta a ambulan a ajiye wurin shugaban laburare. Kada kuma ku dogara da dandali ɗaya. Mun gani a 2021, lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter tun daga watan Yuni har Janairun 2022, duk wanda can kaɗai yake sanarwa bakinsa ya rufe.

Malamin Kanta, Sabon Gari

Ina jin ku kuna Koha kuna admin biyu. Allah ya ba mu abin da ya ba ku. Ni a makarantar sakandare nake, ni ne shugaba ni ne masinja. Kwamfutoci uku ne a ɗakin, ɗaya ce ke tashi, ita ma sai an kawo wuta. Data daga aljihuna take fita, ba wanda ya taɓa mayar mini da ko sisi.

Abin da ya tilasta mini koyo JAMB ce. Tun 2015 da jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, sai ka ga yaro haziƙi, daga cikin birni ko daga ƙauyukan hanyar Soba, bai taɓa riƙe linzami ba, ranar jarrabawa ce ranar farko. Na ga wata yarinya ta ɗaga linzamin sama tana nuna allo da shi kamar rimot. Ba abin dariya ba ne, ba a taɓa nuna mata ba. Don haka na koya wa kaina a YouTube da daddare, lokacin da data ke da araha, yanzu kuma ina jera su biyar-biyar a kan kwamfutar nan guda, kowa ya danna, ya zaɓi amsa, ya wuce tambaya ta gaba, ya dawo baya. Wannan ne dukkan fasahar zamanina. Idan za a yi horo, a riƙa tunawa da masu waya kawai a hannu.

Uwar Katalog, Samaru

Malam, wallahi maganarka ta shige ni. Ka turo mini saƙo ta gefe, akwai tsohuwar kwamfutar cinya a gida da yara suka daina amfani da ita, batirinta ne ya mutu amma tana aiki a jone.

Abban Khadija, Shika

Nawa ɓangaren mujallu ne. Masu binciken lafiya da na noma su ne abokan hulɗarmu, kuma Zariya ba ta rasa su ba, daga asibitin koyarwa da cibiyar binciken dabbobi a Shika har cibiyar binciken noma ta Samaru. Akwai rumbunan mujallu na intanet, irin su Hinari ta fannin lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da Agora ta fannin noma da ta biyo baya a 2003, yanzu duk suna ƙarƙashin shiri guda mai suna Research4Life. Akwai kuma AJOL mai tattara mujallun Afirka. Dukiya ce zube, amma shekaru da yawa ni kaina sanarwa kawai nake mannawa a allo cewa muna da su, ban iya shiga in fito da maƙala ba.

Wani likita ne mai shirin jarrabawar ƙwarewa ya zaunar da ni, domin shi yana da buƙata ta gaggawa. Tare muka yi ta lalube. Daga nan na fahimci ba manhaja ce ke da wuya ba, iya tambaya ce. Ɗalibi zai kwafo taken kundinsa gaba ɗaya, kalma ashirin, ya zuba a Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, ya ce babu komai a kan batunsa. Ka rage masa zuwa kalma uku, ka sa biyu a cikin alamar zance, ka taƙaita shekaru, sai ga su. Ma'aikacin da ya iya wannan ya fi mai shafuka goma.

Gargaɗi ɗaya. Kalmar sirrin waɗannan rumbuna ta ma'aikata ce, ba a jefa ta a guruf ɗin WhatsApp. Kana jefawa, kafin la'asar ta kai Legas, kuma masu abin suna iya rufe wa ma'aikata gaba ɗaya. Haka ma ɗaukar littafi sukutum a hoto a rarraba. Ana yi, na sani, da kyakkyawar niyya ma, amma akwai dokar haƙƙin mallaka, sabuwarta aka sa wa hannu a 2023. Bai kamata a ce daga hannun ɗan laburare ɓarnar ta fito ba.

Maman Sadiq, Gyallesu

Ni korona ce malamata. Da aka rufe makarantu a Maris na 2020, ɗaliban digiri na biyu ba su daina rubutu ba, sai suka koma kiran waya. Muka gwada Zoom, na kyauta yana yankewa bayan minti 40, ga sabis yana ɗauke murya, rabin taron "kuna ji na?" ne. Abin da ya yi aiki saƙon murya ne da hoton allo. In ɗauki hoton inda za a danna, in zagaye shi da ja, in bi da murya ta minti ɗaya da Hausa. Har yau ina da su a ajiye, sabon ma'aikaci ya zo sai in tura masa. A lokacin ne ma na koyi nuna wa ɗalibai rumbun kundayen jami'ar ABU na intanet, wanda aka raɗa wa suna Kubanni, mutum na ɗakinsa ya ga abin da aka riga aka rubuta a fanninsa.

To amma 'yan'uwa mata, ku ji wannan. Na ba da lambata ta kaina. Ƙarfe ɗayan dare waya na ƙara, "Anti don Allah maƙalar nan ta ƙi buɗewa." Wasu kuma ba maƙala ce ta kawo su ba, daga "ina wuni" sai "kin ci abinci?" Maigida bai ce komai ba, amma shirun nasa ya isa magana. Sai na sayi layi na daban na sa WhatsApp Business, na rubuta awannin aiki, na sa amsa mai fita da kanta bayan an tashi. Guruf ɗin ɗalibai kuma na kulle shi, admin kaɗai ke turawa, in ba haka ba sanarwarki za ta nitse a tsakanin tallar atamfa da gardamar siyasa. Ya kamata a ce ofis ne ke sayen wannan layi da wayar, ba mu ba.

Ɗan Kwarbai

Yaya, kulle guruf ɗin nan ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Namu a buɗe yake, kuma sau tari kafin in ga tambaya wani ɗalibin ya riga ya amsa wa ɗan'uwansa, daidai kuma. Dokoki uku na kafe a sama, wanda ya karya in cire shi ba gaba ba ƙiyayya. Aiki ne, amma na fi son hakan.

Sabon abin da ke zuwa teburina yanzu shi ne jerin manazarta na bogi. Tun da ChatGPT, manhajar nan mai yi wa mutum rubutu in ya tambaye ta, ya fito a ƙarshen 2022, ɗalibi zai miƙo maka takarda, sunan marubuci sananne, sunan mujalla ta gaske, shekara da lambar shafi, komai tsaf, ya ce a nemo masa. Ka nema ka rasa, domin ba a taɓa rubuta maƙalar ba, na'urar ce ta ƙera ta. Wani dattijon abokin aikinmu ya ɓata yini guda yana bin kanta-kanta a kan irin wannan, har yana zargin an sace mujallar. Yanzu kafin kowa ya tashi daga kujera, a fara liƙa taken a Google Scholar, in akwai lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, a gwada ta, sannan a buɗe shafin mujallar a duba fitowar da aka ambata. Minti biyu ne. Kuma kada a kunyata yaron a gaban mutane, yawancinsu ba su san ƙarya aka yi musu ba. A juya masa allon ya gani da idonsa.

Baba na Tudun Wada

Wannan na bogin ban taɓa cin karo da shi ba, amma zan so a nuna mini. Hajiya, in kin tsayar da rana ki sanar da mu. Kada ki wuce mutum biyu a kan kwamfuta, kowa ya zo da aikin da ke kan teburinsa, littafi ne ko tambayar ɗalibi, a yi shi a nan take. Kada kuma ki sa Juma'a, daga sha biyu hankalin kowa ya tafi masallaci.

Uwar Katalog, Samaru

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan raba shi Talata-Talata, awa ɗaya bayan azahar, maimakon yini guda. Baba, kai za ka buɗe mana da batun sunayen marubuta. 'Yar Kofar Doka, ki rubuto mini matakan ƙara admin ɗin nan da hotunan allo. Ɗan Kwarbai, ka taho da ɗaya daga cikin takardun bogin, amma ka goge sunan ɗalibin. Wanda ke da abin jona soket mai baki da yawa ya taimaka ya zo da shi, namu biyu ne kawai ke aiki.