Wa ya taɓa zuwa kallon jiragen sama a Le Bourget? Ina so in kai Baba

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba zai zo min ziyara nan Faransa a watan Yuni, kuma zuwan nasa ya faɗo daidai lokacin baje kolin jiragen sama na Le Bourget, kusa da Paris. Tun muna yara in jirgi ya gifta sai ya ajiye abin da yake yi ya ɗaga kai har sai ya ɓace masa, shi ya sa nake so in kai shi. To amma girma ya zo, ga gwiwa tana damunsa. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya ba ni haske, dattijo zai iya wuni a wurin? Kuma wace rana ta fi?

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam. Kai shi kawai, duk shekara biyu ake yi, in ya wuce ku sai wani jiƙon. Ni na je a 2023. Kwana huɗun farko na kamfanoni ne da masu cinikin jirage, daga Juma'a zuwa Lahadi ake buɗe wa kowa. Ku hau jirgin ƙasa na RER B ku sauka Le Bourget, daga nan a bas. Da safe ku zagaya jiragen da aka jera a ƙasa, tashi kuwa sai rana ta yi.

Wallahi ɗan uwa abin da kake gani a YouTube ba komai ba ne. Lokacin da jirgin yaƙi Rafale ya taso na ga wuta na fita ta bayansa, ya miƙe sama sak kamar an harba kibiya, ya juyo ya kifa cikinsa sama ya wuce ta gabanmu, sai da ya wuce sannan ƙarar ta iso, kuma ba a kunne kaɗai kake jinta ba har cikin ƙirji take dukanka. Kusa da ni wani tsohon Bature hawaye yake sharewa.

Maman Hassana:
Ƙanina ka sayo abin toshe kunne tun daga gida, naka da na Baba, kar ka yi wasa da wannan. Sai hula, ruwa da darduma, don azahar a can za ta same ku. Filin da faɗi sosai kuma inuwa kaɗan ce, ku kama wurin zama da wuri kar ku biye wa yawo. In ya gaji ga gidan tarihin jirage nan a filin, har Concorde biyu, jiragen fasinja masu gudun da ya fi sauti, suna ciki.

Yerwa Boy:
Ni abin da ya tsaya min a rai Patrouille de France ne, tawagar wasan jirage ta sojan saman Faransa, jirage takwas a jere kamar an ɗaure su da zare, suna fesa hayaƙi shuɗi da fari da ja. Jirgin da suke tuƙawa Alpha Jet ne, irin wanda sojan saman Najeriya ke da shi. Mu da muka zauna Maiduguri a shekarun rikicin Boko Haram mun san wannan ƙarar, in ka ji ta da asuba ka san an nufi daji, kowa sai addu'a. Ranar da na ji ta a Paris yara suna tafi suna tsalle, jikina ya yi sanyi, sai da na nemi wuri na zauna na ɗan lokaci kafin na iya ɗaga kai. Daga baya na kalla har ƙarshe kuma ya yi kyau matuƙa. In Baba ya taɓa zama inda ake tashin hankali ka faɗa masa tun kafin ku je.

Ɗan Damagaram:
Allah ya saka muku da alheri. Yerwa Boy ka tuna min abin da na manta, Baba ya yi shekaru yana kasuwanci a Diffa. Yau da dare zan kira shi mu yi maganar, in ya amince Juma'a za mu je in sha Allah.