Tun ambaliyar Maiduguri na kasa komawa daidai, ina neman shawara

Telan Gwange:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne, kekuna 4 gare ni da yara biyu masu koyon aiki kafin dam ɗin Alau ya ɓalle a watan Satumba 2024. Cikin dare da kayan jikinmu muka fita, shaddoji da lesukan mutane na biki duk ruwa ya ci, muka ƙare a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi a nan Maiduguri. Alhamdulillahi ba mu rasa rai ba, yayana ma ya saya min keke na hannu, to amma wallahi sai in buɗe shago in zauna in kasa ko saka zare a allura, da hadari ya haɗo ƙirjina ya dinga bugawa, barci kuwa sai dai ɓarawo. Kowa cewa yake ka gode Allah wasu 'ya'ya suka rasa, na sani, shi ya sa ma nake jin kunyar faɗa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan yaya ya yi?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri malam. Ni ruwan 2022 ne ya shiga mana shago a Kantin Kwari, dilolin atamfa na bashi. Abin da ya fi cina ba asarar ba ce, ɓuyan da na dinga yi wa masu kaya ne, waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Ranar da na daure na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce ga halin da nake ciki, wani ya yafe rabi, wani ya zage ni tas, amma daren nan na yi barci. In akwai masu yadin da kake kauce wa, fara da su.

Maman Ilham:
Ɗan uwa ni ma'aikaciyar jinya ce, bugun ƙirjin nan da rashin barci ciwo ne da ke bin wanda ya ga tashin hankali, ba raunin imani ba ne kuma ba hauka ba ne. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a garinku kan titin Baga, ka je a duba ka. Don Allah kar ka sayi maganin barci a kemis da kanka.

Abu Sumayya:
Ni dai ina ga ya riƙe azkar da Alam Nashraha ya ishe shi, ba komai ne sai asibiti ba.

Maman Ilham:
Malam wa ya ce ya bar azkar? Annabi Yaƙub kuka ya yi har idonsa ya yi fari, kuma Annabi ne. A haɗa biyun mana.

Hajiya Kaka:
Ɗana, jikata ce ke rubuta min. Na ga ruwan 1994 na ga wannan. Kar ka ce sai ka ɗinka babbar riga, karɓi facin wando da kayan makarantar yaran maƙwabta, hannu ya tuna aikinsa tukuna. Kuma ka kira yaran shagon nan su dawo, zaman kaɗaici ne ke ƙara maka.

Telan Gwange:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗan Kwari kamar ka sani, mutum 3 ne nake canja hanya saboda su. Hajiya, ɗaya daga cikin yaran ya koma tura baro a Monday Market, gobe in Allah ya kai mu zan neme shi. Maman Ilham, asibitin sai da takarda ake zuwa ko kai tsaye?