GMT ne ko agogon Landan?

Mai ƙorafi: Jama'a, Turawa sun ja min asara. Na haɗa wa wani manhajar da ke tura wa kwastomominsa na Ingila saƙon tuni ƙarfe 9 na safe. Na ɗora ta a kan agogon Landan, wato GMT, awa ɗaya bayan namu. Lahadin ƙarshe ta Maris suka tura agogonsu gaba, saƙo ya koma isa ƙarfe 10. Yanzu mutumin ya riƙe min cikon kuɗina. Canjin agogon nan shirme ne kawai!

Injiniya: Tsaya, malam. Wa ya ce maka GMT ne agogon Landan? Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinsu ɗaya da na Kano.

Ɗan Kumasi: Mu ne masu GMT na gaskiya, rani da damina ba ma motsi.

Malama: Ku daina cewa GMT, UTC ake cewa a sana'ar nan, wato ma'aunin lokaci na duniya da kwamfuta ke bi.

Ɗan Kumasi: Hajiya, tun muna yara "agogon GMT" muke ji a rediyo. Yau kuma ya zama laifi?

Malama: Rediyo daban, kwamfuta daban. Kuma ni ba Hajiya ba ce tukuna.

Injiniya: Da sunan yankin lokacin Landan ka sa, wato Europe/London, da rumbun IANA mai ajiye bayanan lokutan ƙasashe ya lissafa maka canjin da kansa. Ba a rubuta tazarar awa da hannu, don ƙasashe na sauya ta. Sudan ta sauya nata a 2017, Masar ta dawo da canjin agogo a 2023. Namu Africa/Lagos ne.

Bakano: To me ya sa Legas? Ina Abuja, ina Kano?

Injiniya: Birnin da ya fi yawan jama'a suke ɗauka.

Bakano: A ƙidayar wa?

Ɗan Maraɗi: Ku kun ma samu. Mu Africa/Niamey aka jingina mu da Legas, kamar ba ƙasa ba.

Bakano: Ai dama wutarmu kuke sha, ku haɗa da agogon.

Ɗan Maraɗi: Wacce wutar? Wadda ku ma ba ku gani?

Mai ƙorafi: Don Allah, kuɗina fa?

Shugaban zaure, daga Kano: Mu rufe haka. Abin da aka cimma: Malama ta yi gaskiya, UTC ne. Sannan kowa ya yarda an zalunci Kano a zaɓen suna. Mai ƙorafi ya nemi Injiniya ta gefe.