Me ya hana gine-ginen Venis nutsewa, alhali a kan laka aka kafa su?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Birnin Venis na ƙasar Italiya yana kan tsibirai 118 ne a cikin tafkin da ke haɗe da tekun Adriyatik, ƙasansa kuwa duk taɓo. An ce a kan itace aka ɗora shi. To ta yaya itace zai shekara ɗaruruwa cikin ruwa bai ruɓe ba?

Magini:
Wa'alaikumus salam. Abin da ke ruɓar da itace iska ce idan ta haɗu da danshi. Magina sukan tare ruwa da katanga, su kwashe shi, sannan su kafa turakun itace dab da juna, daga gefe zuwa tsakiya. Laka ta rufe su ruf, iska ba ta samun hanya, funfuna ba ta rayuwa. A kan turakun sai a shimfiɗa faffaɗan katako, a ɗora farin dutsen da ake kawowa daga yankin Istiriya, wanda ba ya shan ruwa, kana jan bulo ya hau. Gadar Rialto da aka kammala a 1591 haka aka yi mata.

Masanin Ƙasa:
Haka ne Malam, amma da gyara. Mutane na zaton kowane turke ya taɓo yumɓun nan mai tauri da suke kira *caranto*. Da yawa ba su kai ba. Aikinsu matse lakar ne har ta yi ƙarfin ɗaukar nauyi.

Kuma birnin ya ɗan nutse. Masana'antun Marghera, wani yanki da ke bakin tafkin, sun yi ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa har zuwa shekarun 1970, ƙasa ta lotsa, teku kuma na ƙaruwa.

Magini:
Ai nan gizo ke saƙar. Da ruwan gishiri ya wuce layin farin dutsen, bulo zai tsotse shi. Idan ya bushe, gishirin ya daskare a ciki, sai bango ya riƙa zubowa gari-gari. Igiyar ruwan jiragen inji ma tana ƙwaƙule gindin gini.

'Yar Tarihi:
Ambaliyar tasu, *acqua alta*, ta fi zuwa a kaka da hunturu, lokacin da iskar kudu maso gabas ke turo teku ciki. A ranar 4 ga Nuwamba 1966 ruwa ya kai santimita 194 sama da matakin teku da ake fara awo daga shi, a 12 ga Nuwamba 2019 kuma 187. Yanzu akwai ƙofofin tare ruwa guda 78, da ake kira MOSE, a mashigai uku da ke haɗa tafkin da teku: Lido, Malamocco da Chioggia. Suna kwance a ƙasan ruwa, sai a hura musu iska su miƙe. An fara tare ambaliya da su a Oktoba 2020. Sai dai dandalin San Marco ya fi ko'ina kwari, yakan jiƙe tun ruwa bai kai matakin da ake ɗaga su ba.