Daga wane faifai za a fara sauraren Bonzo Dog?

Autar Zaure: Salamu alaikum yayyena. An ce Bonzo Dog Doo-Dah Band suna haɗa rok da jaz da barkwanci a waƙa guda. Ta ina zan fara?

Mai Faifai: Wa alaikumus salam, ƙanwata. 'Yan makarantun zane ne na Landan da suka haɗu a farkon shekarun 1960. Ki fara da faifansu na farko, Gorilla, na 1967, ki je kai tsaye kan "The Intro and the Outro". Mawaƙinsu Vivian Stanshall ne ke ta gabatar da makaɗa ɗaya bayan ɗaya, na gaske da na ƙarya, kowa ya shigo da kayan kiɗansa har sautin ya cika maƙil. Da abin sawa a kunne za ki ji ta, don lasifikar waya tana haɗiye kaurin sauti, rabin abin ya wuce ki.

Yaya Babba: Gaskiya ne. Sai dai kada ki bi jerin shekaru. Bayan Gorilla ki tsallaka zuwa Tadpoles na 1969, sannan ki dawo kan The Doughnut in Granny's Greenhouse na 1968, inda jitar lantarki ta fi ƙarfi. Faifansu Keynsham ki bar shi ƙarshe. Yana da nauyi, dariyarsa a ɓoye take, wanda ya fara da shi yakan gaji tun kafin ya san su.

Mai Faifai: Akwai kuskuren da ake yawan yi. Mutum ya ji waƙarsu ta jaz a Gorilla, kakaki da sarewa suna kaucewa, ya ce ba su iya ba. Da gangan ne. Kamar 'yan kamanmu ne, sai ka san asalin waƙar sannan ka gane juyin da aka yi mata. Ki saurari gwanin jaz Louis Armstrong na shekarun 1920, ko waƙa uku, kafin ki koma gare su.

Malama: Auta, kunne kaɗai ba zai wadatar ba. Nemi shirin talabijin Do Not Adjust Your Set, na 1967 zuwa 1969, wanda suka yi tare da 'yan barkwanci Michael Palin da Terry Jones da Eric Idle. Hoton baƙi da fari ne, wasu sassan ma sun ɓata. A bidiyonsu ne za ki ga mutum-mutumin da Roger Ruskin Spear ke ƙerawa, da "Legs" Larry Smith yana rawa da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, dukansu 'yan ƙungiyar ne.

Autar Zaure: Na gode. To waƙarsu "I'm the Urban Spaceman" fa?

Yaya Babba: Ɗan ƙungiyar Neil Innes ya rubuta ta, Paul McCartney na Beatles ya taya shirya ta da sunan aro, ta kai mataki na 5 a Birtaniya a 1968. Tana da daɗi, amma ta fi sauran santsi, kada ki auna su da ita. Kuma ki buɗe rubutun baitocin a gefe, don wasa da kalmomin Turanci ya yi yawa a bakin Stanshall.