Tiro-tiro ta daki Fijo 504 ta mahaifina, kuɗin inshora bai kai kwatan gyara ba

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san aikin inshora da waɗanda suka san Magazin, unguwar makanikai ta Suame a nan Kumasi, ciki da bai.

Ina da Fijo 504 salun, ƙirar 1981, haɗin Kaduna, mai launin ruwan madara. Ta mahaifina ce, Allah Ya ji ƙansa. Ya saye ta lokacin yana fataucin goro a Agege, kuma a cikinta ya kwaso mu a 1983 da aka sallami baƙi daga Najeriya. Ina da shekara 5 a lokacin, amma har yau ina tuna zafin kujerar baya a layin Aflao, bakin iyakar shiga Ghana, da buhun garin da aka ɗora mini a cinya. Tun rasuwarsa ban mai da ita motar yau da kullum ba. Ranar Juma'a take fita in kai Hajiyarmu masallaci, sai ranar Sallah, sai kuma in an roƙe ni ɗaukar amarya a unguwa.

Juma'ar da ta wuce ta wancan makon, bayan na sauke Hajiya a gida, na fita zan kai saƙo. A mararrabar Anloga fitila ta ba mu hannu, na shiga ke nan sai ga wata tiro-tiro, ƙaramar bas ta haya, daga hagu, birki ya ƙi, ta same ni a gaba. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji ciwo, ni da direban da fasinjojinsa duka. Amma motar ta ji jiki. Madigadin hagu ya lotse, bonet ya tashi, fitila ta farfashe, bamba ya lanƙwashe, lagireto ya zubar da ruwansa a kan kwalta. Abin da ya fi tayar mini da hankali, tayar hagu ta ja baya kaɗan, kuma ƙofar direba ba ta rufuwa sai an ɗaga ta.

'Yan sandan MTTD masu kula da hanya sun zo sun auna wuri, an kai motocin biyu, mai duba mota na DVLA, hukumar lasisin mota, ya duba, direban kuma bai yi musu ba, ya ce laifinsa ne. Yanzu tana ƙofar gida a lulluɓe da tamfol.

Inshorata ƙarama ce, tad-fati, wadda ke biyan ɓarnar da na yi wa wani kaɗai, don haka kamfanina ya ce babu abin da zai yi mini. Na je kamfanin da ya yi wa tiro-tiron inshora da takardar kiyasi daga wani gareji, sidi 38,000. Jami'insu ya ce akwai iyakar da ba sa wucewa a ɓarnar dukiya, kuma abin da ya ambata bai kai kwatan kiyasin ba. Ya ƙara da cewa mota mai shekara sama da 40 ko a kasuwa ba ta kai kuɗin gyaran nan ba. Wannan maganar ta tsaya mini a wuya, na kwana da ita. Ya ba ni wata takarda in sa hannu a biya ni.

Shekaranjiya kuma mai tiro-tiron ya zo gida da shugaban tasharsu, suka ba da haƙuri, ya ce in bar maganar inshora, zai kai ta wurin makanikinsa a gyara cikin sati biyu. To jama'a, in sa hannu a takardar? In ba shi motar? Ko in fara gyara da kuɗina in bi sauran daga baya?

Tsohon Sitireta ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya kiyaye gaba, Ya ji ƙan mahaifinka. Shekara 36 na yi ina buga ƙarfe a Suame kafin idona ya rage, kuma 504 ta wuce ta hannuna ba adadi, lokacin da ita ce tasi a garin nan.

Kada ka ba shi motar. Ba don mugu ba ne, don dai wanda ke gyaran tiro-tiro an saba masa da a fito da mota gobe ta koma lodi. Zai hura wutar kabaid a madigadin ya buga, ƙarfe ya yi tumbi, ya cike da foti kaurin yatsa, a fesa fenti. Ranar da za a kawo maka za ka ga tana sheƙi. Damina ɗaya, fotin ya tsage, tsatsa ta fito ta ƙarƙashi. Garin neman gira a rasa ido.

Tayar da ta ja baya ita ce maganar, ba fitila ba. Salun ɗin 504 ba ta da shasi daban irin na babbar mota, jikinta shi ne ƙashinta. In ƙafar gaba ta motsa, ko wurin da kan shokozoba yake zama ya karkace, to duk sabon kayan da ka ɗaura ba zai zauna daidai ba, za ta riƙa ja gefe tana cin taya. Ƙofar da ba ta rufuwa tana gaya maka bugun ya isa ginshiƙi. Ka sa a ɗauki tef a auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya, hagu da dama, sannan a auna ɗakin injin a gicciye, kusurwa zuwa kusurwa. A rubuta lambobin a takarda, ka ɗauki hoto. A ja ƙafar a sanyi, sannu a hankali, kafin a taɓa komai na waje.

Madigadi da bonet, in ba su yage ba, a buga su a mayar. Ƙarfen da aka yi ta da shi ya fi na kwaikwayon da ake sayarwa yanzu. In dole sai an sauya, kayan gaba na wagon da na a-kori-kura suna hawa salun. Bamban kuma kada wani ya ce maka a jefar, ƙarfe ne marar tsatsa, mai haƙuri zai miƙe shi ya goge. Fitila ka duba gilashin ta dama da ta tsira, za ka ga sunan masu yin ta, Cibié ko Marchal, ka nemi irinta. Ta Najeriya ko Togo ko Kodebuwa duk daidai ne, tunda hannun dama muke bi gaba ɗaya, mu tun 1974. A Magazin ka shiga wajen masu yanka tsofaffin motoci, in babu sai kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra, in kana da mutum a Kaduna kuwa Panteka ce gidanta.

'Yar Nima ta amsa:

Sannu Yaya, Allah Ya mayar da alheri. Na yi shekaru a sashen biyan diyya na wani kamfanin inshora a nan Accra, bari in faɗi abin da na sani.

Jami'in bai yi maka ƙarya a kan iyakar ba. Dokar 1958 da ta wajabta inshorar mota a Ghana, ran mutum da raunin jiki ta sa a gaba. Ɓarnar dukiya kuwa akwai adadin da aka rubuta a takardar inshorar mai motar, kuma ƙanƙani ne, sai in shi ya biya ƙari an ɗaga masa. Don haka ka ce a nuna maka takardar tiro-tiron da idonka, wasu masu motocin haya suna ɗagawa. Ka kuma danna *920*57# ka sa lambar motar, za ka ga ko inshorar tana da rai a ranar da abin ya faru. Rumbun bayanan nan na NIC, hukumar kula da inshora ta ƙasa, yana aiki tun 2020.

Amma inda kuɗin kamfani ya ƙare ba nan haƙƙinka ya ƙare ba. Kamfanin yana biya ne a madadin mai motar, abin da ya rage yana nan a wuyan mai motar da direbansa. Shi ya sa takardar nan take da haɗari. Ka karanta ta layi-layi, ko ka kai wa lauya ya duba maka. In an rubuta cewa da wannan kuɗin ka sallami kamfanin da wanda suka yi wa inshora gaba ɗaya, to ka sa hannu ka yafe sauran da kanka. Ka nemi a rubuta cewa kason kamfanin kaɗai ka karɓa.

Kada ka fara gyara sai mai kimanta ɓarna na kamfanin ya zo ya gani ya rubuta. Da zarar an kwance madigadi, gardama ta buɗe a kan me hatsari ya yi, me tsufa ya yi. Ka karɓi rahoton 'yan sanda a hannunka, ka samo kiyasi na biyu daga wani garejin, ka ajiye rasidin janwe. Zancen darajar kasuwa kuma, jami'in da tsohuwar tasi yake gwada ta. Kai ne za ka nuna bambancin: takardun asali, hotunan motar kafin hatsari, ciki da waje, rasidan gyaran shekaru, da farashin irinta mai lafiya in ka samu ana talla. In kamfanin ya yi ta ja maka rai, NIC tana karɓar ƙorafi, kuma tana da ofis a Kumasi.

In ta tashi, ka yi magana da kamfanoni a kan babbar inshora. Da yawa ba sa son tsohuwar mota, amma ka je da takardar mai kimantawa, ka nemi a rubuta darajar da kuka amince da ita tun farko.

Direban Tafo ya amsa:

Maigida, ni direban haya ne, zan faɗi ta ɓangarenmu. Mai tiro-tiro ɗaya ba shi da 30,000 a ajiye, ko kotu ta ce ya biya, da kaɗan-kaɗan za ka gani, bayan ka gaji da zirga-zirga. Tunda ya tako har gida da shugaban tasha, mutumin kirki ne, kada ka kore shi. Ku zauna gaban manya, a yanka abin da zai iya duk wata, a rubuta, shugaban tasha ya sa hannu a matsayin shaida. Kuɗi zai ba ka, kai ka zaɓi mai gyara. Kuma ka yi haƙuri da wannan: ba za ka samu duka ba, wani abu zai fita daga aljihunka.

Ɗan Aboabo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri.

Baba Masta, jiya na ɗauko wani dattijo daga Magazin wanda ya san motar tun mahaifina na raye, muka ɗaga tamfol muka auna kamar yadda ka ce. Hagu ta gaza dama da kusan yatsa biyu. Ya ce ƙafar ta motsa amma ba ta karye ba, za ta jawu. Madigadin ya shafa shi da tafin hannu ya daɗe, ya ce zai buga, ba zai sauya ba, amma kada in tambaye shi rana. Na ce ko wata uku ne na yarda. Gilashin fitilar dama Cibié aka rubuta, na tura hoton wa ɗan kawuna a Kaduna, ya ce zai leƙa Panteka ranar Asabar.

'Yar Nima, Allah Ya biya ki. Na ɗauko takardar na karanta da ƙanena, kuma maganar da kika faɗa tana ciki, a sakin layi na ƙarshe, har da sunan mai motar a cikin waɗanda zan sallama. Da ban tambaya a nan ba da na sa hannu ranar Litinin. Na mayar musu na ce a gyara, na kuma nemi mai kimantawa ya zo gida. Na buɗe akwatin mahaifina na samu takardun kwastan na shigo da ita da littafin da yake rubuta ranar juyen mai da hannunsa, da ajami. Ban iya gama karantawa a zama ɗaya ba.

Ɗan'uwana na Tafo, maganarka gaskiya ce, kuma ban da niyyar kai kowa kotu in ya cika alkawari. Mun sa ranar Lahadi bayan la'asar a zauren limaminmu, shi da shugaban tasharsu, ni da kawuna. Na riga na faɗa wa Hajiyarmu cewa kuɗin da na ware don rufin ɗakin baya zai shiga motar, ta ce rufi ya jira rani.

Saura abu ɗaya da ya raba ni da dattijon. Fentin da ke jikinta na asali ne, ya koɗe a rufi da kan but, amma ba a taɓa fesa ta ba tun Kaduna. Shi yana ganin a fesa ta gaba ɗaya don kada gaba ya yi sabo baya ya yi tsoho. Ni kuma raina bai kwanta da a rufe fentin da mahaifina ya yi shekara 30 yana gogewa da tsumma ba. Baba Masta, akwai mai haɗa fenti a Suame da zai iya kwaikwayon launin da ya koɗe, a fesa madigadi da bonet kaɗai?