Lissafin fashewar dutsen kuza: abin da aka tsayar a zaman Jos

Injiniyoyin da suka tattauna a Jos sun fi tsayawa kan gudun injin fasa dutse. Ƙarfin bugu yana bin gudu ne sau kansa: a mita 40 cikin sakan, kowane kilo na dutse yana shan jul 800 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugun), a mita 50 kuwa, jul 1,250 ne. Ƙari kaɗan, ɓarna babba, domin ƙwayar kuza tana da gautsi. In ta koma gari mai laushi, ruwa ne zai tafi da ita wajen wanki.

Shawara ita ce a gwada dutsen kafin a zauna gaban kwamfuta don lissafa yadda zai fashe. A ware shi girma-girma da rariya, a saki ƙarfe mai sanannen nauyi a kansa daga tsayi uku, sannan a auna kason da ya ratsa rariyar da raminta ɗaya bisa goma ne na girman farko.

Ƙa'idar Bond ta 1952, wato lissafin da injiniya Fred Bond ya fitar kan niƙa dutse, tana kimanta wutar da za a ci, amma ba ta faɗin yadda ɓarɓashi zai rarrabu.

A riƙa sabunta lissafin idan gudumomin injin sun cinye, musamman da damina, lokacin da jiƙaƙƙen yumɓu ke toshe rariya.